Gidan Uwa, Sunan Ɗa: Yadda Takardar Gida ke Toshe Tallafin Haya a Birtaniya

A cikin tambayoyin da ake yi wa mai neman tallafin haya a Birtaniya akwai wata gajeruwa da mutane da yawa ke amsawa da "a'a" ba tare da dogon tunani ba: shin kana da gida ko fili, a ƙasar nan ko a waje, ban da wanda kake zaune a ciki? Galibi mai amsar ba ƙarya ya yi niyya ba. A ransa ba shi da gida, don da yana da shi, me zai kai shi ɗakin haya a Peckham ko Moss Side? Gidan da sunansa ke kan takardarsa a Birmingham na mahaifiyarsa ne, ita ke ciki. Na Fagge kuwa na gado ne, ba a raba ba tukuna. Sai dai hukuma ba haka take lissafi ba, kuma wannan "a'a" ɗin ta jefa mutane cikin bashin gwamnati na dubban fam.

Tallafin da ake magana iri biyu ne. Akwai tsohon, Housing Benefit, wanda aka kafa da dokar 1982, kansulolin ƙananan hukumomi ke biyan sa. Akwai sabon, Universal Credit, da ya fara aiki a 2013, yana hannun ma'aikatar ayyuka da fansho da ake kira DWP, shi ne ya haɗiye tsofaffin tallafi shida har da na haya. Yau sabuwar buƙatar Housing Benefit ta rage wa waɗanda suka kai shekarun fansho da mazauna masaukin wucin gadi ko gidajen da ake ba da kulawa ta musamman. Duk wani mai shekarun aiki, Universal Credit zai nema. Kafin a je ko'ina, duk wannan bai shafi mai bizar karatu ko ta aiki da aka rubuta masa sharaɗin hana cin kuɗin gwamnati ba. Shi ƙofar a rufe take tun farko. Maganar ta waɗanda suka samu izinin zama na dindindin ce, da 'yan ƙasa, da 'yan gudun hijirar da aka amince da su.

Tsarin biyu sun haɗu a kan lambobi biyu. Dukiyar da ba ta wuce fam 6,000 ba, ba a kula ta. Wadda ta haura fam 16,000 tana soke tallafin gaba ɗaya. A tsakani, ana ɗauka dukiyar na haifa maka kuɗi ko ba ta haifa: a Universal Credit, kowane fam 250 yana rage maka fam 4.35 a wata, har guntun da bai cika 250 ba ana ƙirga shi cikakke. Mai fam 10,000 ke nan zai rasa fam 69.60 duk wata. Ga 'yan fansho an sassauta, lissafin na farawa daga fam 10,000, wanda kuma ke karɓar cikon fansho na masu ƙaramin ƙarfi ba a ma duba masa iyakar. Dukiyar miji da mata haɗa ta ake yi wuri ɗaya, ko da a gida kowa ya san na Hajiya daban, na Alhaji daban. Kuma tun 2006 iyakokin 6,000 da 16,000 ɗin ba su motsa ba, alhali matsakaicin farashin gida a ƙasar ya haura fam 250,000. Rabon mutum a kowane irin gida, in dai an ƙirga shi, da wuya ya tsaya ƙasa da iyakar.

Yadda suna ke hawa takardar gidan wani

Hanyoyin sanannu ne. A 1980 gwamnatin Margaret Thatcher ta ba mazauna gidajen kansul 'yancin sayen gidajen da suke haya da rangwame mai tsoka, aka sayar da kusan miliyan biyu a Ingila kaɗai. Iyaye ke da 'yancin, amma sau da yawa 'ya'ya ke da albashi, don haka aka yi ta haɗa suna. Wata hanyar ita ce banki: uba ya tsufa ko wa yana da tabon bashi, banki ya ƙi su, sai a ce wa ƙanin da ke da takardar albashi mai tsabta, "ara mana sunanka." Akwai kuma tsoron gidan kula da tsofaffi. A Ingila wanda dukiyarsa ta haura fam 23,250 shi ke biyan kuɗin kulawarsa, saboda haka wasu iyayen ke rubuta wa 'ya'ya gida tun suna da ƙarfi. Ranar da aka sa hannu kowa murna yake. Ba wanda ke tunanin bayan shekara takwas ɗan zai rasa aiki, ko auren 'yar ya mutu ta koma haya da yara uku.

A ɗauki gida mai darajar fam 200,000 da sauran bashin banki 120,000 a kansa. Doka ta ce a cire kashi 10 cikin 100 na kuɗin sayarwa, a cire bashin da aka jinginar da gidan a kai. Saura 60,000. In gidan nasa ne, mai neman tallafi ya fita daga layi, ko da bai taɓa kwana a cikinsa ba.

Suna daban, mallaka daban

Nan ne dokar Ingila ke da faɗi fiye da yadda mutane ke zato. Ta bambanta mai suna a rajistar filaye da mai ainihin amfanin gidan, wato wanda in an sayar kuɗin aljihunsa za su shiga. Wanda ya riƙe gida da sunansa a madadin wani, amana ce a hannunsa, kuma amana ba dukiyarsa ba ce, ba a ƙirga masa ita. Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayanin wannan. Matsalar tana wajen tabbatarwa, domin jami'in da ke duba takardu daga sunan zai fara: sunanka ne, naka ne, sai ka nuna akasin haka.

Abin da zai nema kuwa takarda ce. Wa ya biya kuɗin farko, daga wane asusu? Wa ke biyan banki duk wata? Da tukunyar ɗumama gida ta lalace, wa ya biya mai gyara? An rubuta takardar amana a gaban lauya lokacin saye? In akwai wannan ta ƙarshen, magana ta kusa ƙarewa. In babu, sai a bi sawun kuɗi. Uwar da ta sayar da gwala-gwalanta, ta haɗa da kuɗin adashi, ta miƙa wa ɗanta tsabar kuɗi ya zuba a asusunsa, ba ta bar wata shaida ba sai baki. A takardar banki ɗan ne ya biya. Haka wan da ke ba ƙaninsa kuɗin wata a hannu bayan sallar Juma'a, ƙanin ya tura wa banki daga wayarsa: shekara goma na biyan da duk dangi suka san na wa ne, a rubuce na ƙane ne.

A ganina ƙa'idar ba ta da laifi. Ba daidai ba ne direban bas da ke biyan haraji ya riƙa biya wa mai gida biyu haya. Amma nauyin shaidar ya fi danne gidajen da ake ganin neman rubutu tsakanin ɗa da uwa rashin kunya ne. Wanda ya tashi a gidan da lauya ke zuwa shan shayi, takardarsa na cikin durowa. Wanda aka ce wa "haba, tsakanina da kai har sai an rubuta?" shi ke zama a gaban kotu yana rantsuwa. Takardar da aka rubuta bayan wasiƙar hukuma ta iso ba ta zama banza ba, amma ana kallon ta da ido ɗaya, kuma sa mata kwanan watan baya laifi ne da ya fi matsalar farko girma.

Wa ke kwana a gidan?

Ko da gidan naka ne tsaf, akwai babbar ƙofa guda. Ba a ƙirga darajarsa, komai tsadarsa, muddin ɗan'uwan da ke zaune a ciki ya kai shekarun fansho ko kuma an tabbatar rashin lafiya ta hana shi aiki. Ba wa'adi, muddin yana ciki, gidan ba ya cikin lissafi. Hikimar a fili take: gwamnati ba ta son a fitar da tsohuwa titi domin ɗanta ya samu kuɗin haya.

Amma wane ne ɗan'uwa? Tsohon tsarin ya buɗe hannu: iyaye, 'ya'ya, surukai, 'yan'uwan ciki, har da kaka, jika, kawu, baffa, inna, gwaggo da 'ya'yan 'yan'uwa. Universal Credit ya taƙaita ga na kusa kawai, wato iyaye da surukai da 'ya'ya da wa da ƙane da ya da ƙanwa da abokan aurensu. Kaka ta fita, gwaggo ta fita. Wanda gwaggonsa ta yaye shi ta riƙe shi har ta yi masa aure, a idon wannan doka gidan da ya saya mata dukiya ce da zai iya sayarwa ya ci. Da wuya a samu hujjar wannan ragi ban da tsimin kuɗi.

Sai shekaru. Doka ta tsara shekarun fansho a Birtaniya su hau daga 66 zuwa 67 tsakanin 2026 da 2028. Macen da ta yi haihuwar fari tana da shekara 17, ɗanta zai kai 45 ita tana 62. A gida an daɗe ana ce mata tsohuwa, jikoki sun cika tsakar gida, amma a lissafin DWP saura mata shekaru. Nassin dokar bai ce sai gidan yana Birtaniya ba, sai dai wanda uwarsa ke Kano ko Zinder zai kawo shaidar shekarunta da shaidar cewa a gidan take zaune, ga shi yawancin iyayenmu na wancan zamani ba su da takardar haihuwa sai ta rantsuwa a kotu.

Kariyar kuma tana faɗuwa ranar da tsohuwar ta rasu ko ta koma gidan kulawa dindindin. Daga ranar gidan ya zama dukiya. Abin da ya rage shi ne wata shida da ake ba wanda ke ɗaukar matakan sayarwa na gaskiya, kamar tuntuɓar dillali ko lauya da sa gidan a kasuwa, kuma ana iya ƙara lokacin in da dalili. Wata shidan na wanda ya motsa ne. Iyalin da ke ganin kiran dillali kafin sadakar arba'in abin kunya ne, makonnin da suka yi shiru ba su cikin kariyar.

Gidan gado

Dukiyar waje ana ƙirga ta kamar ta cikin gida. A duba darajarta a kasuwar ƙasar da take, a cire kashi goma na sayarwa da ladan canjin kuɗi, a juya ta fam. Kango ne a Rijiyar Zaki ko gona a Funtuwa, duk ɗaya.

A yi lissafi na misali. Mutum ya rasu ya bar gida na naira miliyan 80, da mata ɗaya, 'ya'ya maza uku, mata huɗu. Matar ta ɗauki tumuni, miliyan 10. Saura miliyan 70 a raba kashi goma: kowane namiji miliyan 14, kowace mace miliyan 7. In an ɗauka fam ɗaya naira 2,000 ne, rabon ɗan da ke Landan fam 7,000 ne, a cire kashi goma ya koma 6,300. Ya haura iyakar ƙasa da fam 300, za a rage masa fam 8.70 a wata, shi ke nan. Ƙanwarsa da ke Leicester rabonta bai ma kai inda za a kula ba, sai in tana da wani ajiya da za a haɗa. Mutane na ɓoye abin da in sun faɗa bai kai kuɗin katin waya ba. Faɗuwar naira ma ta taya su ta wannan fuska: kafin a sake ta a Yunin 2023, lokacin fam bai kai naira 600 ba a farashin hukuma, miliyan 14 ɗin ta haura fam 23,000, ta wuce iyaka. Gidajen su ma sun yi tsada tun lokacin, amma a wurare da yawa ba su kamo gudun canji ba.

Ko 6,300 ɗin ma ana iya jayayya a kansa. A 1995 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta yanke cewa in gida na tarayya ne, abin da za a kimanta shi ne rabon mutum, ba a raba kuɗin gidan gaba ɗaya a ce ga nasa ba. Tambayar ita ce: nawa mai saye zai biya don wannan rabon kaɗai, da sauran masu gidan a ciki ba su da niyyar tashi? Amsar na iya zama kaɗan ƙwarai, wani lokaci ma ba komai. Wa zai sayi rabon mutum ɗaya a gidan da uwargida ke ɗakinta, ƙannen maza biyu sun yi aure a ciki, ga mai shago a zaure? Ƙari a kan haka, a fiƙihun Malikiyya abokan tarayya na da haƙƙin shufa'a, su karɓe rabon da aka sayar wa bare su mayar masa da kuɗinsa. Ga dokar filaye ta Najeriya ta 1978 da ta sa sai da amincewar gwamna ake sauya hannun fili mai takardar mallaka. Duk waɗannan hujjoji ne da ke rage daraja, amma jami'in da ke zaune a ofis a Ingila bai san su ba sai an kai masa a rubuce. Wanda ya ce "a'a" tun farko ya rufe wa kansa damar kawo su cikin mutunci.

Akwai tarkon da masu kyakkyawar zuciya ke faɗawa. An saba wanda ke Turai ya ce ya yafe rabonsa, ya bar wa Hajiya da ƙannensa, don dangi na ganin ya fi kowa samu. Dokar tallafi kuwa tana da babin wanda ya raba kansa da dukiya da gangan. In hukuma ta gamsu cewa samun tallafi ko ci gaba da karɓarsa na cikin manyan dalilan kyautar, sai ta ci gaba da lissafa masa dukiyar kamar tana hannunsa, tana rage ta sannu a hankali. Ba kowace kyauta ke shiga nan ba. Ana duba lokacin da aka yi ta, da ko mutum ya san iyakar, da abin da ya tilasta shi. Amma wanda ya cire sunansa daga takardar gida mako biyu kafin ya cike fom, ya rasa gidan, kuma mai yiwuwa ya rasa tallafin.

In ɗan'uwa ne mai gidan

Ta ɗaya ɓangaren, mai neman tallafi ne ke haya a gidan ɗan'uwansa. In mai gidan na kusa ne kuma gida ɗaya suke kwana, babu tallafi, magana ta ƙare. In ba tare suke ba, doka ba ta hana ba, da sharaɗin hayar ta gaske ce, ba an ƙirƙire ta don cin kuɗin gwamnati ba. Za a nemi yarjejeniyar haya, da shaidar biya ta banki, a gwada kuɗin da na unguwa. Sannan a yi wa mai gidan tambayar da ke ɗaure harshe: in ƙanwarka ta daina biya, me za ka yi? Ya ce zai kore ta, ya ji kunyar bakinsa. Ya ce "ai 'yar'uwata ce, ina za ta?" sai a rubuta cewa ba hayar kasuwanci ba ce. Kotuna sun sha cewa sassauci tsakanin dangi shi kaɗai bai isa ya rushe haya ba, a duba lamarin gaba ɗaya, amma kafin a kai kotu watanni sun wuce. Housing Benefit na da wani ƙarin shinge: wanda ya taɓa mallakar gidan da yake haya a cikin shekara biyar da suka wuce ba ya samu, sai ya nuna ba yadda zai ci gaba da zama a ciki ba tare da ya sayar ba.

Idan wasiƙa ta iso

Rajistar filayen Ingila a buɗe take, kowa na iya biyan 'yan fam ya ga sunan mai gida. A Janairun 2025 gwamnati ta kai majalisa ƙudurin da zai ba DWP ikon sa bankuna su nuna mata asusun masu karɓar tallafi da suka haura iyaka. Dukiyar waje kuwa sau da yawa daga cikin gida labarin ke fita: auren da ya mutu da rigima, ko rabon gadon da wani ya ji an cuce shi.

In an gano, duk abin da aka biya ba bisa ƙa'ida ba bashi ne. A Universal Credit ana karɓar sa ko da kuskuren na ma'aikata ne. Sakaci na jawo tarar fam 50. In ana zargin ganganci, ana iya miƙa wa mutum zaɓin tarar rabin kuɗin, daga fam 350 zuwa 5,000, a madadin gurfanarwa, manyan lamura kuma kotun laifi ake kai su. Ga wanda ke shirin neman zama ɗan ƙasa, hukuncin zamba na taɓa sharaɗin kyawun hali.

Hukuncin jami'i ba shi ne na ƙarshe ba. Wata ɗaya ake da shi daga ranar da ke kan wasiƙar a nemi sake dubawa, a wajen DWP ko kansul, daga nan sai kotun sauraron ƙorafin tallafi mai zaman kanta, wadda ba a biyan kuɗin shigar da ƙara. In an makara da dalili mai ƙarfi ana iya karɓa har zuwa wata 13. Ƙungiyoyi irin su Citizens Advice da Shelter na ba da shawara kyauta. Alƙalin wannan kotu zai so ganin takardun banki na shekarar da aka sayi gidan, da wasiƙun lauyan da ya yi cinikin, da bayanin ɗan'uwan da ke cikin gidan da sa hannunsa. In na gado ne, takardar rabon da kotun Musulunci ta bayar tare da fassararta, da kimar ƙwararren mai kimanta gidaje mai rajista wadda ta faɗi darajar rabon mutum ɗaya da mutane a ciki. Samo waɗannan daga Kano ko Katsina na cin makonni, shi ya sa masu ba da shawara ke cewa a fara shigar da buƙatar cikin watan, takardun su biyo baya.